Lacca: Zauren WhatsApp da zaman unguwa

Assalamu alaikum. Iyayena da ke sahun gaba, malamai, ƙannena matasa, sannunku da zuwa.

Bahaushe da ya ga guruf a waya, sai ya raɗa masa zaure. Sunan ya dace, domin zaure yana da mai shi, kuma ba a faɗa masa ba sallama.

An ƙirƙiro WhatsApp a 2009, Facebook ya saye shi a 2014. A da mutum 256 zaure ke ɗauka, a 2022 aka kai shi 1,024. Na Telegram kuwa har 200,000. To don Allah, wa ya taɓa tara mutum dubu a zaure aka ji maganar juna? Ai wannan Kantin Kwari ne ana gobe sallah.

Bari in ba ku labarin namu na unguwa a Gwale. Da muka buɗe, kowa murna. Ba a jima ba ya koma hoton fure da barka da Juma'a, sai "tura wa mutum goma ka ga buɗi", sai rigimar siyasa har tsakar dare. Dattawa suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ni ma na kashe ƙararsa, ba zan ɓoye muku ba.

Abin da ya farfaɗo da shi taransifoma ce. Ta ƙone, muka shiga duhu. Admin ɗinmu, wani tela, ya kulle zauren, shi kaɗai ke magana. Ya jera gidaje layi-layi, wanda ya kawo kuɗinsa a sa masa alama, rasit kuma a ɗauki hotonsa kowa ya gani. Tsofaffin da ba sa karanta boko, ya yi musu saƙon murya. Har wata gwaggonmu ta aika masa da nata, tana haki: "Ɗan nan, na ba jikana, ka duba ko ya kawo." Bai kawo ba!

Sai maganar jita-jita. Kamfanin WhatsApp da kansa ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a 2019, bayan ƙarairayin satar yara sun jawo kashe mutane a Indiya. Mu dokarmu, in ba ka san tushen labari ba, riƙe abinka. Wanda ya karya, ba a kunyata shi a zaure, gida ake samunsa. Cire babba daga guruf kuwa, wallahi ya fi hana shi bashi wuya, don gobe a sahu ɗaya za ku tsaya.

Na ga ladan ya miƙe. Tambayoyi sai bayan Magariba.