Amsoshin Tambayoyinku: Shekara Nawa Baƙo Yake Yi Kafin Ya Zama Ɗan Gari?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Ga mu kuma a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Gombe. Wasiƙu uku na ware yau, domin na lura duk gari ɗaya suka nufa, hanya ce kawai kowacce ta bi tata.

Ta farko daga wata hajiya ce a Jekadafari. A fallen littafin makaranta aka rubuto ta, da alama jika ta sa ya rubuta mata. Ta ce ɗanta likita ne a Birmingham ta ƙasar Ingila, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ranar ƙaramar Sallah ya kira ta ta bidiyo, ta ce wa jikanta "Mun sha ruwa lafiya?" sai yaro ya waiwaya yana kallon uwarsa, yana jiran a fassara masa. Hajiya ta ce ranar ko tuwon Sallah bai yi mata daɗi ba. Tambayarta: gwamnatin can ce take tilasta wa baƙi su bar harshensu da addininsu, ko kuwa sakacin iyaye ne?

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Turai ba gari ɗaya ba ce, kowace ƙasa da yadda take karɓar baƙonta. Faransa ta ɗauki hanyar da za mu kira sajewa, wato in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Tun 1905 suka raba gwamnati da addini, kuma a wurinsu kowa Bafaranshe ne kawai, shi ya sa ko a ƙidayar jama'a ba a tambayar mutum addininsa. A 2004 suka hana sa alamun addini na fili a makarantun gwamnati, har da hijabi. A 2010 suka yi dokar hana rufe fuska a bainar jama'a, ta fara aiki a 2011. A 2023 kuma aka hana ɗalibai sa abaya a makaranta.

Ingila, inda jikanki yake, ba haka take ba. Can an fi karkata ga zaman kowa da al'adarsa: ka bi doka, ka biya haraji, sauran kuma naka ne. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, kashi 6.5 cikin ɗari na jama'a. Magajin garin Landan tun 2016, Sadiq Khan, Musulmi ne, mahaifinsa ɗan Pakistan ne da ya yi aikin tuƙa bas. Saboda haka babu wata doka da ta hana jikanki Hausa.

Abin da ya cinye ta shi ne wuni. Yaro ya fita da safe, makaranta Turanci, wasa Turanci, talabijin Turanci. Ya dawo uba yana asibiti a bakin aiki, uwa ta gaji, abin da ya zo baki da sauƙi shi za a yi. Kuma ga wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba: addini ya fi harshe jure zaman baƙunta. In yaron ya je Islamiyya, na damansa ɗan Somaliya ne, na hagunsa ɗan Bangaladash, malamin kuma ɗan Pakistan. Da wane harshe za su yi magana in ba Turanci ba? Sai ki ga yaro ya haddace izu biyar, ba ya wasa da salla, amma "ina kwana" ta gagare shi. Ni dai shawarata, Hajiya, kada ki yi fushi ki daina yi masa Hausa a waya. Ki yi ta yi, ki yi masa tatsuniya, ki tsokane shi da wasan jika da kaka har ya nemi abin ramawa. In an yi dogon hutu a turo miki shi, wata ɗaya a tsakar gida cikin 'yan'uwansa ya fi shekara ana yi masa darasi.

Wasiƙa ta biyu gajera ce, daga wani ɗalibi a Kumo. Ya ce ya ji an ce su kansu shugabannin Turai sun yarda zaman kowa da al'adarsa ya gaza, gaskiya ne?

An faɗa, ɗan'uwa. Angela Merkel ta Jamus ta faɗa a 2010, David Cameron na Birtaniya ya maimaita irinta a 2011. Amma ka duba yadda aka zo wurin. A 1961 Jamus ta ƙulla yarjejeniya da Turkiyya aka riƙa kawo mata ma'aikatan masana'antu, suna ma kiransu "baƙin ma'aikata", da zaton za su yi 'yan shekaru su koma. Da yawa ba su koma ba, suka kawo iyali. Sai a shekarar 2000 aka gyara doka yadda ɗan baƙon da aka haifa a can zai iya zama ɗan ƙasa tun daga haihuwa. Ka ajiye mutum kusan shekara arba'in a zaure, sannan ka ce ya ƙi sabawa da mutanen cikin gida? Baƙin ma da nasu laifin, akwai waɗanda suka ƙi koyon harshe, suka killace kansu a unguwa guda, wannan ba abin karewa ba ne. Kanada kuwa tun 1971 ta mai da zaman kowa da al'adarsa manufar gwamnati, har yau ba ta janye ba.

To, ga ta ukun, wadda ta sa na ajiye biro na yi shiru. Wani bawan Allah ne daga Tudun Wada, Bayarabe Musulmi. Ya ce kakansa ya zo Gombe da aikin jirgin ƙasa a farkon shekarun 1960. Nan aka haifi mahaifinsa, nan aka haife shi, Yarabancinsa ma bai kai Hausarsa ba. Ya je neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma domin 'yarsa ta shiga makaranta, ma'aikacin ya dubi sunan, ya turo masa fom ɗin ta kan tebur ya ce "Malam, sai dai ka je garinku." Yana tambaya: ina ne garinsu?

Malam, ka yi tambayar da ta fi ƙarfin wannan ɗakin. Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 42, ya hana nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali. Amma shi wannan kundi, a sashe na 147, ya ce a naɗa minista daga kowace jiha wanda yake "ɗan asalin" jihar. Rabon gurabe na makaranta da aiki ya bi wannan layi, aka bar wa ƙananan hukumomi ba da takarda, kowacce da ma'auninta. Nan gizo yake saƙa.

Laifi tudu ne. Muna jin zafi in an hana 'yarmu hijabi a Faris, kuma ya kamata mu ji. Amma jikan Hajiya, in takardun iyayensa sun cika, zai riƙe fasfo na Birtaniya, ya yi zaɓe, a zaɓe shi. Shi kuwa Malam, sahu ɗaya muke tsayawa da shi a masallaci, kuma har yau baƙo ne.

Mu da muka fi kowa sanin baƙunta! Nan ƙasarmu ta Gombe, a Burmi, Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a 1903 yana kan hanyar hijira. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a suka yi gabas har Sudan, garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yana nan da sunansa, Mai Wurno. Je ka Zangon Kumasi, je ka Sabo a Ibadan, za ka tarar da Hausawa da sarkinsu da masallacinsu da tuwonsu, ba su saje ba kuma ba su tashi ba. A 1969 Gana ta kori baƙi marasa takarda, namu da yawa suka dawo da ƙullin kaya a ka. A 1983 mu ma muka kori nasu, har jakar da suka zuba kaya ta samu suna.

Abin da zan iya ce maka, Malam, kada ka tsaya a kan maganar ma'aikaci ɗaya. Ka fara daga mai unguwa, ya kai ka wurin dagaci da hakimi, su da suka san gidanku tun kakanka, domin shaidarsu ake nema kafin takarda ta fita. In an sake hana ka, ka nemi a ba ka dalili a rubuce. Ka rubuto mana yadda kuka ƙare, zan karanta a wannan fili.

Injiniya yana ta ɗaga mini hannu ta gilashi. Wasiƙar Billiri da ta Dukku sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.