Inshorar Lafiya a Amurka: Rigimar da Ta Rufe Gwamnati Kwana 43

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau zai leƙa Amurka ne, kan wata taƙaddama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamban 2025, kwana 43 cur, gwamnatin tarayyar Amurka ta kasance a rufe saboda majalisa ta kasa amincewa da kuɗin gudanar da ita. Har zuwa lokacin, ba a taɓa yin mai tsawon wannan ba a tarihin ƙasar. Dubban ɗaruruwan ma'aikata suka zauna babu albashi, aka rage tashin jiragen sama, tallafin abincin talakawa ya yi tangal-tangal. Musabbabin abin kuwa shi ne inshorar lafiya. 'Yan jam'iyyar Dimokurat suka ce ba za su ba da ƙuri'a ba sai an tsawaita ƙarin tallafin da ake ba mutane tun 2021 domin sayen inshora, 'yan Rifablikan kuma suka ce a buɗe gwamnati tukuna, maganar tallafi daga baya. A ƙarshe aka buɗe, ba a tsawaita ba.

Sai an san yadda ake jinya a ƙasar kafin a gane zafin wannan rigima. A Amurka babu tsarin da kowa zai shiga asibiti gwamnati ta biya, irin na Ingila. Wajen rabin jama'a a wurin aiki suke samun inshora. Wanda ya kai shekara 65 yana da shirin Medicare, wasu daga cikin matalauta kuma suna da Medicaid, dukansu shirye-shiryen gwamnati ne tun 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson. Saura fa? Direban tasi, mai kitso, manomi, mai ɗan shagonsa, kowa tasa ta fisshe shi. Kafin 2010, idan kana da ciwon suga ko asma, ko ka taɓa yin ciwon daji ka warke, kamfanin inshora yana da damar ya ƙi karɓarka, ko ya tsuga maka kuɗin da ya san ba ka iya biya. A lokacin kusan mutum 16 cikin 100 ba su da inshora ko ta sisin kwabo.

Wannan ne Shugaba Barack Obama ya nufi gyarawa da dokar da ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris 2010, wadda duniya ta sani da Obamacare. Dokar ta hana kamfanoni korar mutum saboda tsohon ciwonsa. Amma da yake inshora tamkar gayya ce, sai masu ƙarfi sun fito aikin yake yiwuwa, dokar ta wajabta wa kowa ya shiga ko ya biya tara, don kada a bar asusun da marasa lafiya zalla. Wanda ƙarfinsa bai kai ba gwamnati ta tallafa masa, tallafin da aka yi wa ƙari a 2021 ke nan, aka kuma faɗaɗa Medicaid. Majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 219 da 212, babu ɗan Rifablikan ko ɗaya a cikin masu goyon baya. Alhali kuwa gwamnan jihar Massachusetts na wancan lokacin, Mitt Romney, wanda ɗan Rifablikan ne, shi ya sa hannu kan tsari mai kama da wannan a jiharsa tun 2006. Wannan kaɗai ya isa a gane cewa rabin faɗan na jam'iyya ne.

Ni dai a ganina dokar ta yi abin kirki, kuma alƙaluma sun nuna. Zuwa 2023 marasa inshora sun ragu zuwa wajen 8 cikin 100. Matashi yana iya zama a kan inshorar iyayensa har ya kai shekara 26. Mai ciwon suga ya daina fargabar barin aikin da ba ya so don tsoron rasa magani.

Sai dai 'yan Rifablikan ba ƙarya suke yi ba a duk abin da suke faɗa. Obama ya yi alƙawarin cewa duk wanda yake son inshorarsa ta da zai ci gaba da riƙe ta, amma a ƙarshen 2013 miliyoyin mutane suka sami takardar sokewa. An ce kuɗin inshorar iyali zai ragu da dala 2,500 a shekara, bai ragu ba. A jihohi da yawa, kuɗin wata-wata na masu saya da kansu ya kusan ninkawa tsakanin 2013 da 2017. Ga kuma wani abu da yake ci wa mutane tuwo a ƙwarya: mutum yana da katin inshora a aljihu, yana biya duk wata, amma idan ya faɗi ya karye a hannu, sai ya fara kashe dala dubbai daga aljihunsa kafin kamfani ya fara biyan komai. Irin wannan mutum yakan zauna da ciwon ƙirji kwana da kwanaki yana lissafi kafin ya yarda ya je asibiti. Kuma ofishin kasafin kuɗi na majalisa ya ƙiyasta cewa mayar da ƙarin tallafin na dindindin zai ci wajen dala biliyan 350 cikin shekara goma, a ƙasar da bashi ya riga ya yi wa katutu. Tambayar daga ina kuɗin zai fito tambaya ce ta gaskiya.

Inda 'yan Rifablikan suka gaza shi ne kawo abin da ya fi. Shekara bakwai suna alƙawarin soke dokar su maye gurbinta. Da mulki ya zo hannunsu a 2017, fadar shugaban ƙasa da majalisun biyu duk nasu, sai ga shi babu tsayayyen shiri. Da tsakar daren 28 ga Yuli na shekarar, Sanata John McCain na Arizona, wanda bai daɗe da jin cewa yana da ciwon daji a ƙwaƙwalwa ba, tabon tiyata yana nan a saman girarsa, ya tako tsakiyar zauren majalisar dattawa, ya miƙa hannu, ya ɗan dakata, sannan ya juya babban yatsansa ƙasa, alamar bai yarda ba. Shi da Sanata Susan Collins da Sanata Lisa Murkowski suka bijire wa jam'iyyarsu, ƙudurin soke wasu sassan dokar ya faɗi da ƙuri'a 49 da 51. Abin da 'yan Rifablikan suka iya daga baya shi ne soke tarar rashin shiga inshora a dokar haraji ta Disamban 2017. Sau uku kuma Kotun Ƙoli tana barin dokar a tsaye, a 2012 da 2015 da 2021.

Hukuncin 2012 ɗin ya bar baya da ƙura, domin ya ba kowace jiha zaɓin faɗaɗa Medicaid ko ta ƙi. Jihohi 40 sun karɓa, 10 sun ƙi, ciki har da Teksas da Florida, duk da cewa gwamnatin tarayya ce take ɗaukar kashi 90 cikin 100 na kuɗin. A Teksas, baligi mai lafiyar jiki da ba shi da yara ba ya samun Medicaid komai talaucinsa, kuma idan samunsa ya yi ƙasa sosai tallafin Obamacare ma ba ya hawa kansa. Wannan zalunci ne, babu wani suna da za a ba shi. A Missouri da Oklahoma da Idaho da Nebraska, jihohin da Rifablikan ke da rinjaye, da aka kai maganar gaban talakawa a akwatin zaɓe, da kansu suka zaɓi a faɗaɗa.

Ranar 4 ga Yulin 2025 kuma Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan dokar da za ta zabtare wa Medicaid wajen dala biliyan 900 cikin shekara goma, ta kuma shar'anta wa manya da yawa su nuna shaidar aiki ko karatu na awa 80 a wata. Ofishin kasafin kuɗin majalisa ya ce mutum miliyan 10 za su ƙaru a kan marasa inshora nan da 2034. An gwada irin wannan sharaɗi a Arkansas a 2018, mutum wajen 18,000 suka rasa inshora cikin 'yan watanni, da yawansu suna aikin, cike takardu ne ya kayar da su.

Masu sauraronmu a Najeriya za su ji wani ɓangare na wannan labari ba baƙo ba ne. A Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, amma har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci da danginsa yake fita. Wajabtawa a takarda ba ta sayen allura idan ba a tanadi kuɗin marasa ƙarfi ba.

To amma ga abin da ya fi damuna a rikicin na Amurka. Jam'iyyun biyu sun shekara goma sha biyar suna ja-in-ja kan wa zai biya, gwamnati ko mutum, kaɗan ne suke tsayawa su tambayi dalilin da ya sa kuɗin ya kai haka. A 2023 ƙasar ta kashe dala tiriliyan 4.9 a kan lafiya, wato kashi 17.6 cikin 100 na duk arzikin da ta samar, sama da dala 14,000 kan kowane mutum. Babu ƙasar da ta kama ƙafarta. Duk da haka Ba'amurke yana rayuwa shekara 78 ne a matsakaici, mutumin Japan kuwa 84. Amurkawa ba su fi sauran ƙasashe masu arziki yawan zuwa wurin likita ba. Farashi ne ya bambanta: gadon asibiti, hoton ƙwaƙwalwa, ƙwayar magani, har da rundunar ma'aikatan da aikinsu kawai rubuta takardar kuɗi da jayayya da kamfanin inshora. Tallafin da Dimokurat ke karewa yana rufe wa talaka ido daga ganin farashin, amma bai rage shi ba, mai biyan haraji ne ya ɗauka. Janye tallafin da Rifablikan ke so shi ma bai rage shi ba, ya dai sauke shi a kan mara lafiya. Wanda ya jefar da inshora kuma ba ya daina ciwo. Yana jira ne har abin ya ci tura a kai shi sashen gaggawa, inda dokar 1986 ta hana asibiti korarsa, sannan a raba kuɗin a kan sauran jama'a.

Taɓa farashi yana nufin taɓa manyan asibitoci da kamfanonin magani da na inshora, waɗanda suke zuba kuɗi wa 'yan siyasar ɓangarorin biyu. Dokar 2003 ta hana Medicare yin ciniki da kamfanonin magani, duk da cewa babu mai sayen magani kamarsa a ƙasar. Sai a 2022 aka ɗage wannan hani, aka kuma ƙayyade wa tsofaffi allurar insulin a dala 35 a wata. Zagayen farko na cinikin ya shafi magunguna goma ne kacal, sabon farashinsu kuma daga 2026 yake farawa. Da 'yan majalisar da suka iya rufe gwamnati kwana 43 za su ba da ko rabin wannan ƙarfin wajen faɗaɗa irin wannan ciniki har ya kai ga kuɗin asibiti, da tallafin da ake faɗa a kansa bai kai haka nauyi ba.

Sai kuma a sharhi na gaba, a huta lafiya.