Hanyar Zama Likitan Haƙori: Laccar da Aka Yi wa Ɗaliban Tarminal a Tawa

Wata likitar haƙori, ƴar asalin Adar, ita ta yi wannan lacca ga ɗaliban ajin ƙarshe na lise a garin Tawa. An ɗauki muryarta a waya, muka rubuta kamar yadda ta faɗa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.

Assalamu alaikum. Malamai iyayenmu, ina gaishe ku da aiki. Ƙannena, sannunku da zama cikin wannan zafi.

Kafin in fara, duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ya ɗaga hannu. To, ku waiwaya ku gani, kusan rabin ɗakin ke nan. Yanzu wanda likitan haƙori ya taɓa duba bakinsa ya bar hannunsa a sama, sauran su sauke. Huɗu, biyar. Madalla, ku sauke. Abin da ya kawo ni yau ke nan. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ta ce kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da wani ciwo na baki ko haƙori. Amma mu nan ba sai an kawo mana lissafi ba, a gidajenmu muke ganinsa.

Akwai wani bawan Allah, manomin albasa, da aka taɓa kawo mana daga wani ƙauye a wajen Keita. Wuyansa ya kumbura har ya haɗe da haɓarsa, harshensa ya ɗago sama, ko yawu ba ya iya haɗiyewa, yana zaune yana numfashi da kyar. Ƙaninsa ne ya ba mu labari. Ɗan kogo ne ya fara yi masa a turmin ƙasa. Ya sa ƙanumfari, ya sa garin taba, daga baya ya sayi ƙwayar diklofenak wurin mai tallan magani a kasuwa. Ƙwayar ta kwantar da raɗaɗin, shi kuwa ruɓan yana can yana cin gabansa, har mugunya ta gangara ƙarƙashin muƙamuƙi ta nufi maƙogwaro. A daren nan aka tsaga, aka zubar da mugunyar, aka cire haƙorin, aka ɗora shi a kan magani ta jijiya. Ya kwana tara a gadon asibiti, Allah Ya yi da sauran kwanansa. Da ya zo tun kogon na ƙarami, aikin rabin awa ne, a kankare a cike, ya koma gonarsa.

Na kawo wannan labari ne saboda wata magana da nake yawan ji, wai karatun haƙori na wanda ya nemi likitanci ya rasa ne. Wannan magana tana ɓata mini rai. Bakin mutum ƙofar jikinsa ne, kuma a ƙasar nan ciwon baki yana kashe mutane. Kun san cutar noma? Ba noman gero nake nufi ba, cuta ce da a wasu ƙauyuka ake ce mata ciwon iska. Tana kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, galibi waɗanda yunwa ta raunana ko suka tashi daga ƙyanda. Daga dasashi take farawa, ya yi ja, yana jini, baki yana wari, cikin ƴan kwanaki ta huda kumatu. In ba a yi magani ba, kusan yara 9 cikin 10 mutuwa suke yi. In kuwa an gane ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da ita. Ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana wannan aiki a Damagaram, a Sakkwato kuma akwai asibiti guda na yara masu noma tun 1999. Sai a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Wa zai buɗe bakin yaron nan ya gane ta da wuri? Sai wanda aka koya wa duba baki. Ku tuna kuma da yaran Tibirin Gobir, da ruwan famfo mai yawan sinadarin fuluwo ya rina musu haƙora ya tanƙwara musu ƙasusuwa. Ƙa'ida ita ce kada ya wuce miligiram 1.5 a lita. Irin wannan a haƙoran yara ake fara ganin alamarsa.

To, ta ina ake bi?

Da farko bak, wato jarrabawar kammala lise, kuma bak ɗin kimiyya, seri D ko C. Kada ku tsaya a kan "in dai na samu". Masu tantance dosiye suna duba makin da kuka ci a ilimin halittu da fizik da shimi da lissafi, wasu wuraren har takardun sakamakonku na shekarun lise suke nema. Tsakanin wanda ya haye da kyar da wanda ya fita da yabo akwai rata babba in an zo rabon gurabe, domin guraben haƙori kaɗan ne ko'ina. Kowane ɗalibi sai an tanadar masa kujera da kayan aiki, ba kamar karatun da ake tara mutum ɗari biyar a zaure guda ba.

Ni a Dakar na yi karatu, a Jami'ar Sheikh Anta Diop, wadda makarantar haƙorinta ke aiki tun shekarun 1960. Da yawa cikin abokan aikina su ma waje suka fita: wasu Abijan, wasu Bamako, wasu Wagadugu, wasu Maroko a Rabat ko Kasablanka, wasu Monastir a Tunisiya, wasu Aljeriya. Ga maƙwabta kuma, Jami'ar Bayero ta Kano da ta Maiduguri duk suna da tsangayar haƙori, sai dai can da Turancin Ingilishi ake karatu, wanda ke da niyyar can ya fara gyara harshensa tun yanzu. Kusan ko'ina ku ƙiyasta shekara 6. Game da tallafin karatu, hukumar ANAB ce ke kula da burs, ita ke fitar da sanarwa in wata ƙasa ta ba da gurabe. Ku riƙa bibiyar sanarwarta, da ta tsangayar kimiyyar lafiya ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ku ga fannonin da aka buɗe a shekararku. Wa'adin ajiye takardu gajere ne, wani lokaci kafin labari ya iso Buza ko Abalak an kusa rufewa.

A nan zan ɗan daɗe, don wannan ya taɓa cin wata ƙawata. Tare muka yi bak, ta fi ni maki. Da aka zo haɗa dosiye sai aka tarar sunan mahaifinta a takardar haihuwa daban yake da yadda aka rubuta a takardar bak, harafi biyu kacal. Ta yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan, yau a ce mai sa hannu ba ya nan, gobe a ce ta dawo jibi, har wa'adi ya wuce. Shekara guda ta zauna a gida. Don Allah, yau in kun koma, ku fito da takardar haihuwarku da ta zama ɗan ƙasa da ta BEPC, wato jarrabawar da kuka ci kafin ku shiga lise, ku jera su a kan tabarma, ku karanta harafi bayan harafi, har ranar haihuwa. In da kuskure, yanzu ne lokacin gyara. Wanda ke da hali ya nemi fasfo tun kafin sakamako ya fito.

Sai makarantu masu zaman kansu, a gida da waje. Akwai nagari a cikinsu. Amma kafin mahaifinka ya sayar da sa ko gona, ka binciki abu biyu. Shin ƙasar da makarantar take ta amince da digirinta, kuma CAMES ta san da shi? Ita CAMES hukuma ce ta ƙasashenmu masu Faransanci mai tantance takardun jami'a, a Yamai aka kafa ta a 1968, hedkwatarta na Wagadugu. Na biyu, makarantar tana da asibitin da ɗalibai ke taɓa majinyata da hannunsu? Ka je da ƙafarka, ko ka tura amintacce ya ƙirga kujerun aikin. Makarantar haƙori da ba ta da kujeru, allo kawai za ta sayar maka.

Yanzu bari in gaya muku abin da ba a rubuta shi a kowace sanarwa ba, wato hannu.

Shekaru biyun farko karatu ne zalla: ƙasusuwan kai da wuya, jijiyoyi, yadda jiki ke aiki, ƙwayoyin cuta, magunguna. Za ka haddace haƙoran yaro 20 da na babba 32, kowanne da siffarsa da yawan saiwarsa. Za ka san cewa turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye ke barinsa ya ruɓe suna cewa ai zai yi famfara. Daga nan sai a miƙa maka guntun kakin zuma da ƴar wuƙa, a ce ka sassaƙa haƙori. Na tuna malaminmu yana ɗaukar abin da ka kwana kana yi, ya juya shi a gaban fitila, ya auna, ya nuna maka inda ya kauce da rabin milimita, ya ce a sake. Rabin milimita a bakin mutum shi ne bambancin cin tuwo lafiya da ciwon kai kullum. Bayan haka sai kan roba mai haƙora, wanda muke kira fantom, a kansa za ka koyi riƙe injin kankara, kana aiki a haƙoran sama alhali ta ɗan madubi kake kallo, inda dama ta koma hagu. Sai ka ƙware a nan kafin a ba ka mutum mai rai, wajen shekara ta huɗu.

Wannan kuwa ba sai kun je Dakar za ku fara shi ba. Ku sayi sabulu, ku sami ƙaramar wuƙa, ku dubi haƙorin rago bayan layya, ku gwada fitar da irinsa. Ku ajiye madubi a gaban takarda, ku rubuta sunanku kuna kallon madubin kaɗai. Wadda ta iya zanen lalle ko saƙar faifai ko ɗinkin hula, da wanda ke taya yayansa gyaran waya ko ya tashi a gidan dukawa ko maƙeran farfaru, kada ku raina wannan. Ni a gefen kakata na koyi saƙar tabarmar kaba, kuma ranar da na fara ɗinke dasashi, yatsun nan ne suka yi mini aiki.

A hutun nan kuma, ku je babban asibitin jiha ko wani kabine, wato ɗan asibitin haƙori mai zaman kansa, ku yi sallama da ladabi, ku roƙi a bar ku ku zauna a gefe ko na mako guda. Ku ji ƙarar injin, ku shaƙi warin ruɓaɓɓen haƙori, ku ga yadda dattijo mai furfura ke rawar jiki a gaban allura, da yadda ake lallashinsa. Yawancin wanda zai zo wurinka sai da ya ji jiki, a tsorace yake, wani ya riga ya biya ta wurin wanzami. In ka yi masa tsawa ba zai dawo ba, kuma zai hana ƴan garinsu zuwa. Ka yi masa bayani da harshen da yake ji. In ka iya Hausa da ɗan Tamashek ko Fulatanci ko Zabarmanci, ka riƙe su da kyau, kayan aiki ne. Kada kuma boko ya sa ka kushe asuwaki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba da ya umarce su da asuwaki a kowace salla. Daga nan nake fara magana da mutanen ƙauye, sannan in kawo zancen buroshi da man goge baki da rage sukari a shayi.

(Wata ɗaliba ta yi tambaya.) "Anti likita, ni ina so, amma ina tsoron jini, kuma a gida ana cewa shekara shida ta yi wa mace yawa."

Ƙanwata, tsoron jini yana gushewa da sabo, shi ya sa na ce ki je ki zauna a asibiti ki gwada kanki. Maganar gida kuwa, kada ki yi ta da faɗa. Ki nemi malaminki ko wani kawunki da ake jin maganarsa ya zauna da Baba. Ki gaya musu akwai matan da ke jure ciwo wata da watanni don ba sa son namiji ya buɗe musu baki, ko maigida bai yarda ba. Ina ganinsu kullum. In kuma ana so in zo gidan da kaina, zan zo.

(Wani ɗalibi.) "Likita, in an gama, aiki fa?"

In ka dawo da digiri, za ka kai shi a tantance, ka yi rajista da hukumar da ke ba likitocin haƙori izinin aiki, galibi kuma ka yi hidimar ƙasa. Daga nan ko asibitin gwamnati, ko ƙungiyoyin agaji, ko ka yi aiki ƙarƙashin wani har ka tara na buɗe naka. Kujerar aiki da injin iska da tukunyar dafa kayan aiki suna da tsada ƙwarai, kuma tun kana ɗalibi wasu ƙananan kayan kai za ka saya, don haka a sa wannan cikin lissafin gida. Ka koyi gyaran kujerarka da kanka, domin in ta lalace a Cintabaradan, mai gyara yana Yamai. Yawancinmu a Yamai muka taru, ni kuwa ina roƙonku ku tuna da Ƙonni da Madawa da Illela. Sannan kafin ka taɓa bakin kowa, ka yi gwajin ciwon hanta nau'in B, in ba ka da shi ka yi rigakafi. Allura uku ce: yau, bayan wata guda, sai ta ƙarshe a wata na shida. Wannan ko gobe kuna iya farawa.

Malam yana nuna mini agogo, an kusa kiran la'asar. Masu sauran tambaya su same ni a gindin bedin can bayan salla, na zo da fantom ɗina da madubai guda goma, kowa zai riƙa ya gwada.