Filin da mutanen gari suka saya da karo-karo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yanzun nan na sauko daga jirgin ƙasan da ya ɗauko ni daga Dublin, ga ni a Thurles, wani ɗan gari a yankin Tipperary na ƙasar Ailan. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, sanyin yau ba sauƙi.

Kun ga wancan katafaren filin da ke gabana? Semple Stadium ke nan, gidan hurling. Hurling wasa ne mai kama da ƙwallon gora, mutum 15 kowane ɓangare, da sanda mai faɗin baki da 'yar ƙwallo mai tauri. A garin nan aka kafa ƙungiyar GAA mai kula da wasannin gargajiyar Ailan, a otal ɗin Hayes, ranar 1 ga Nuwamba, 1884.

To amma abin da ya kawo ni shi ne yadda filin ya samu. A 1910 aka sa wurin a kasuwa kan fam 900. Ba gwamnati ba ce ta saya, ba kuma wani attajiri ba. Mutanen gari ne suka yi karo-karo, kowa ya sayi hannun jari daidai ƙarfinsa, filin ya zama nasu. A hannunsu ya zauna har 1956, sannan aka miƙa shi ga GAA. Wallahi da na ji wannan sai da na tsaya shiru, na tuna filayen ƙwallon unguwanninmu da aka yanka filoti muna ji muna gani.

Shi kuwa mai sunan, Tom Semple, ma'aikacin jirgin ƙasa ne. An haife shi a 1879 a ƙauyen Drombane, ya zo garin nan yana saurayi neman aiki. Sau uku yana cin kofin ƙasa da Tipperary, a 1900 da 1906 da 1908, biyun ƙarshe shi ne kyaftin. Ko sisi bai karɓa ba, domin har yau ba a biyan 'yan wasan GAA albashi. Ya rasu a 1943, sai a 1971 aka raɗa wa filin sunansa. Ku duba fa, daga tashar jirgin zuwa nan 'yar tafiya ce da ƙafa.

Bari in juya kyamara. Ga wani yaro can, bai fi shekara bakwai ba, sanye da shuɗiyar rigar Thurles Sarsfields, kulob ɗin garin. Tun ɗazu yake dukan ƙwallo a jikin bango, ta dawo ya cafe da hannu, ko sau ɗaya bai waiwayo ba. Mahaifinsa ya ce in ina so zai ara mini sanda in gwada. Ku biyo ni.