Son Kai da Raunin Zumunci a Littafin Kokoro na Natsume Soseki

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwana ɗalibai da sauran jama'ar da suka halarci wannan zama, littafin da zan yi magana a kansa yau shi ne Kokoro, wanda marubucin ƙasar Japan Natsume Soseki ya fitar kashi-kashi a jaridar Asahi a shekarar 1914, shekara biyu kafin rasuwarsa.

Wani ɗalibi ne yake ba da labarin mutumin da ya haɗu da shi a bakin teku a Kamakura, wanda yake kira da "Malam" kawai. Malam ba ya aiki, ba ya shiga mutane, amma duk wata sai ya ziyarci wani kabari a maƙabartar Zoshigaya da ke Tokyo shi kaɗai, kuma matarsa Shizu ba ta san abin da ke cin ransa ba.

Amsar tana cikin doguwar wasiƙar da Malam ya rubuta wa ɗalibin, wadda ta cinye kashi na uku na littafin. Iyayen Malam sun rasu yana saurayi, baffansa ya cinye masa gado, daga nan ya daina yarda da kowa, sai dai bai taɓa zargin kansa ba. Ya kama ɗaki a gidan wata mata da mijinta soja ya rasu, ya kamu da son 'yarta, sannan don tausayi ya kawo abokinsa K, wanda danginsa suka juya wa baya saboda ya ƙi karatun likita. Ranar da K ya buɗe masa cikinsa cewa yana son yarinyar, Malam bai ce masa shi ma yana sonta ba. Ya ɗauki aƙidar kame kai da K yake alfahari da ita ya kunyata shi da ita, daga baya ya yi ƙaryar rashin lafiya domin ya keɓe da uwar, ya nemi auren 'yarta. A bakin uwar K ya ji labari, kuma bayan 'yan kwanaki ya kashe kansa.

Ina roƙonku ku lura da abin da Malam ya fara yi a daren da K ya kashe kansa, domin a ganina nan ne Soseki ya fi nuna gwaninta. Ga gawar amininsa a kwance, amma ya ɗauki takardar da K ya bari yana karantawa cikin fargaba, da ya ga ba a ambaci laifinsa ba sai ya ji sanyi a ransa. Mutumin da ya tsani baffansa saboda cin amana ya wayi gari shi ma maci amana ne.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne yadda son kan ya biyo shi har cikin nadamarsa. Ya auri yarinyar, wato Shizu, ya ƙi gaya mata gaskiya, da hujjar cewa ba ya so ya ɓata mata tsarkin zuciya. Na yarda yana sonta, amma wa ya tambaye ta ko ta fi son ta sani? Shekaru tana zaune da miji mai shiru, tana tuhumar kanta ko ita ce ta yi laifi. Da Sarki Meiji na Japan ya rasu a 1912, Janar Nogi ya bi shi ta hanyar kashe kansa ranar jana'izar, Malam ya yanke shawarar mutuwa, kuma har a ƙarshen wasiƙar yana neman a ɓoye wa matarsa komai muddin tana raye.

Shi ma ɗalibin bai tsira ba. Wasiƙar ta iske shi a ƙauye yana jinyar mahaifinsa da ciwon ƙoda ya kai gargara, ya bar wa mahaifiyarsa da yayansa 'yar takarda, ya hau jirgin ƙasa zuwa Tokyo neman mutumin da ya rubuta cewa kafin wasiƙar ta iso ya riga ya mutu.