Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Ziyararsa Sashen Jinyar Masu Ƙuna

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, 'yan majalisar Sarki, hakimai da dagatai, shugabannin asibiti, abokan aiki, iyaye da 'yan'uwan majinyata. A madadin likitoci da ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi da masu shara na wannan sashe, ina yi wa Sarki barka da zuwa. Ɗakin masu ƙuna ba wurin da baƙi ke rububin shiga ba ne, har dangi na jini wani lokaci daga bakin ƙofa suke gaisuwa. Yau ga Sarki da ƙafarsa. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, ka zo mana a bakin hunturu, lokacin da gadajenmu ke cika. Yaro ya rarrafa ya faɗa kaskon wuta, mai jego ta ƙone a wankan ruwan zafi, man ƙosai ya kife wa 'yar talla, mai farfaɗiya ya faɗi a murhu babu kowa kusa. Ga tukunyar gas da kananzir mai gauraye. Ga kuma tankokin mai: ba mu manta da Majiya ta Jihar Jigawa ba, inda a watan Oktoba na 2024 mutum fiye da 150 suka rasu wajen kwasar fetur. Allah ya jiƙansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum 180,000 a shekara, galibinsu a ƙasashe irin namu.

Ranar farko aikinmu ƙarin ruwa ne, domin jikin da ya ƙone zubar da ruwansa yake yi. Tafin hannun majinyaci da yatsunsa shi ne kusan kashi 1 cikin 100 na fatarsa, da shi muke awo. Mutum mai nauyin kilo 60 da kashi 30 na jikinsa ya ƙone yana bukatar ruwa sama da lita 7 a awa 24, rabinsa cikin awa 8 na farko, kuma lissafin daga lokacin ƙunar yake farawa, ba daga isowarsa asibiti ba. Wanda aka kwana da shi a gida ana shafa masa manja da ƙwai da gishiri da man goge baki, ya riga ya yi asarar waɗannan awoyi, ya kuma zo mana da ƙwayoyin cuta a cikin ciwon. Alhali abin da ake so tun farko yana cikin randa: a yi ta kwarara ruwa mai sanyi kamar minti 20, ban da ƙanƙara, a cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a rufe da tsumma mai tsabta, a taho.

Amma kukan da muka tanadar wa Sarki na bayan sallama ne. Mukan wanke ciwo makonni, mu yanko fata daga cinya mu dasa, ciwo ya rufe, dangi su yi hamdala su koma gida. A nan ne aiki ke soma lalacewa. Tabon ƙuna tamukewa yake yi yana jan gaɓa. Idan ba a ci gaba da miƙe ta kullum ba, sai yatsu su dunƙule, haɓa ta manne da ƙirji, hannu ya ƙi ɗaguwa daga hamata. Baƙar fata kuma ta fi saurin yin tabo mai tudu da ƙaiƙayi. Maganin ba ɓoyayye ba ne: gashin ƙashi, takalmin gaɓa da ke riƙe ta a miƙe da dare, shafa mai da tausa, da matsattsiyar riga ta musamman da ake sawa kusan awa 23 a rana, shekara guda ko fiye. To, wane magidanci ne zai iya kuɗin mota duk mako, ga ƙwai da wake da kifi da muke cewa a ciyar da mara lafiya? Sai su ɓace mana. Bayan shekara biyu a dawo da yarinya ta daina zuwa makaranta saboda tsokana, hannun da motsa jiki zai ceta yanzu sai tiyata.

Don haka muke roƙon Sarki ya sa baki. Maganar da muke yi a rediyo sau goma, idan ta fito daga fada ta bi ta hakimi da dagaci da mai unguwa da limamin Juma'a, sau ɗaya ta isa: ruwa kafin komai, kuma a bar motar mai idan ta faɗi. Muna kuma fatan masu hali na masarauta su ɗauki nauyin zirga-zirgar waɗanda aka sallama, a koya wa telolinmu ɗinkin wannan riga a gida.

Allah ya taimaki Sarki, yanzu za mu shiga ciki. Muna neman afuwa, dokar ɗakin ba ta bar kowa ba: za a wanke hannu, a sa riga da takunkumi, kuma mutum huɗu kawai za su raka Sarki. Yara suna ɓangaren dama, da su za mu fara.