Lacca kan shirin The Americans da ƙaryar da ake yi wa 'ya'ya

To jama'a, abu uku na ce zan taɓo a kan wannan wasan kwaikwayo mai dogon zango da tashar talabijin ta FX a Amurka ta nuna daga 2013 zuwa 2018. Na farko, su wa ke ciki. Philip da Elizabeth Jennings 'yan leƙen asirin KGB ne, wato hukumar leƙen asiri ta Tarayyar Soviet, da aka dasa a wata unguwa kusa da Washington zamanin shugaban Amurka Reagan, suna sayar da tikitin jirgi, yaransu biyu, Paige da Henry. Maƙwabcinsu Stan kuma ɗan FBI ne, hukumar binciken laifuka ta Amurka, aikinsa farautar irinsu, ƙofa na kallon ƙofa, kun ji fa!

Amma ni wallahi Paige ce ta tsaya min a rai. Yarinya tana ganin iyayenta sun fita cikin dare sai asuba, a ce mata aiki ne ya taso, har ta fara laɓewa tana sauka ɗakin wanki tana dube-dube. Ku masu 'ya'ya kun sani, yaro ba wawa ba ne, shiru kawai yake yi. Ta koma coci wajen Fasto Tim don tana neman wanda zai faɗa mata gaskiya. A zango na 3 ta ritsa su a kicin suka faɗa mata, sai ta ce su yi mata magana da Rashanci ta ji. Ku duba fa, uwar da ta haife ki, sai kin girma za ki ji harshenta na asali! Kuma KGB ta ce a jawo yarinyar cikin aikin, uwar ta amince, uban ya ƙi, gida ya rabu biyu.

Na biyu, ko na uku ne? Martha dai, sakatariyar FBI da Philip ya aura da sunan ƙarya Clark don ya riƙa samun asirin ofishinsu, da aka gano ta KGB ta fitar da ita, ta ƙare a Moscow ita kaɗai. Lokaci ya ja, mu wuce.

Na'am Hajiya, kina tambayar ya aka ƙare da Henry? Yauwa, na gode da tambayar nan. Shi iyayensa ba su taɓa faɗa masa komai ba. Da asiri ya tonu a 1987 yana makarantar kwana, waya kawai suka buga masa yana sauri ya koma wajen abokansa, bai san sallama ba ce. Da iyayen za su gudu daga Amurka, Paige ta bi su cikin jirgin ƙasa, daf da iyakar Kanada ta sauka, Elizabeth ta hango ta ta taga tana tsaye, jirgi ya riga ya tashi.